Waswasi ya hana ɗana aiki, ko in saya masa maganin homiyofati?

Tambaya: "Likita, ina zaune a Jidda. Babban yarona shekararsa 27, kuma shekara 4 ke nan waswasi ya kama shi. Alwala ɗaya sai ta ci masa kusan awa guda. Yana tayar da kabbarar harama yana sakewa har liman ya yi ruku'u. Hannuwansa duk sun tsattsage saboda sabulu da Dettol, aiki ma ya bari. An yi ruƙiya, an sha zamzam, abin yana nan. Ya ƙi zuwa asibiti, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Wata maƙwabciyata 'yar Pakistan ta ce in gwada homiyofati, wai ba shi da illa kuma jiki ba ya sabawa da shi, har a ruwan sha zan iya ɗiga masa bai sani ba. Wanne zan saya, kuma a ina?"

Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Kada ki sayi ko ɗaya. Homiyofati ba ya maganin wannan ciwo, ɗiga masa abu a ɓoye kuma zai iya raba ki da abin da kika fi buƙata a yanzu, wato amincewarsa da ke. Abin da kika bayyana ciwo ne sananne mai magani, kuma da yawa daga waɗanda suka yi jinyarsa yadda ya kamata sun koma bakin aikinsu, sun koma sahu.

A asibitocin nan za ki ji ana ce masa waswasul ƙahri, a takardar likita kuma a rubuta OCD. Abu biyu ne ke haɗuwa a cikinsa. Akwai tunanin da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba: ko ruwa bai taɓa gwiwar hannu ba, ko ɗigon fitsari ya fantsamo a wando, ko niyya ba ta ƙullu ba. Sai fargaba ta turnuƙe shi. Akwai kuma aikin da yake yi don ya kashe fargabar, ya sake wankewa, ya sake kabbara, ya tambayi wani. Yana yi sai ya ji sanyi na 'yan mintuna, kuma wannan ɗan sanyin shi ne ke raya ciwon, domin ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa da gaske akwai haɗari, wankin ne ya tsirar da shi. Gobe sai shakkar ta dawo da ƙarfi, ta nemi wanki biyu a inda jiya ɗaya ya isa. Likitoci kan kira abin ciwo idan yana cin sama da awa 1 a yini ko yana hana mutum harkokinsa, ɗan naki kuwa ya wuce wannan tuni.

Gaskiyarsa da ya ce ba mahaukaci ba ne. Mai wannan ciwo yawanci ya san abin da yake yi ya wuce kima, sanin ma shi ke ƙara masa kunya da ƙunci. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A duniya mutum 2 zuwa 3 cikin 100 sukan kamu da shi a tsawon rayuwarsu, binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Saudiyya da aka fitar a 2019 kuma ya samu kusan 4 cikin 100. Yakan fara ne daga balaga zuwa farkon shekarun ashirin. Ciwon yana kama mutum ta wajen abin da ya fi ɗauka da muhimmanci, shi ya sa a ƙasashenmu ya fi fitowa ta tsarki da salla. Wannan ba ya nufin raunin imani, kuma tarbiyyarki ba ta da laifi a ciki.

Mutane da yawa suna zaton homiyofati maganin itatuwa ne irin na shagon attar, wato mai sayar da ganyaye da saiwoyin magani, alhali ba su haɗa hanya ba. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya ƙirƙiro shi a 1796. A zamaninsa likitocin Turai suna zubar wa marasa lafiya jini, suna ɗura musu sinadarai masu guba, har ya zama wanda aka ba ruwa zalla ya fi wanda aka yi wa "magani" tsira. Daga nan sunan homiyofati ya fara tashi. Ƙa'idarsa ita ce abin da ke jawo alamun ciwo ga mai lafiya shi zai warkar da mai ciwon, in an tsinka shi sosai. Yadda ake tsinkawar shi ne a ɗauki ɗigo 1 a zuba a ɗigo 99 na ruwa ko giya, a girgiza, a ɗebi ɗigo 1 daga wannan a sake zubawa a wani 99, haka dai. Idan kika ga an rubuta 30C a jikin kwalba, an maimaita wannan sau 30 ke nan. Lissafin ilmin sinadarai ya nuna cewa daga karo na 12 da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin abin da aka fara da shi. Da za ki ɗebi sukari da yatsu biyu ki watsa a Bahar Maliya, ya gauraye daga Jidda har Bur Sudan, ki ɗebo kofi guda, wannan ruwan ya fi 12C kauri. Shi ake ɗigawa a kan ƙananan ƙwayoyin sukari, a shanya, a zuba a kwalba. Ga mai waswasi sukan ba da Arsenicum album, ko Syphilinum ga mai yawan wanke hannu, ko Natrum muriaticum, wanda asalinsa gishirin miya ne.

An gwada shi, ba a bar shi a kan zato ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta tattara bincike 176 a kan cututtuka 61, ta ce babu ciwo ko ɗaya da aka samu tabbatacciyar hujjar cewa homiyofati yana maganinsa. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Faransa, inda yake da kasuwa sosai, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshora a farkon 2021. Maƙwabciyarki ba yaudararki take yi ba. A Indiya da Pakistan akwai kwalejojinsa, a Indiya ma yana ƙarƙashin wata ma'aikatar gwamnati, ta taso ne ta ga kowa yana sha.

Na san abin da za a ce: ko da sukari ne, in mutum ya yarda da shi ai zai ji sauƙi. A wasu matsalolin kamar ciwon kai ko rashin barci, akwai ƙamshin gaskiya a wannan. OCD yana cikin ciwuwwukan da ƙwayar bogi ba ta cika motsawa ba. A wani gwaji da Edna Foa da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2005, an raba marasa lafiya 122 gida huɗu na mako 12. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, 8 cikin 100 ne suka samu sauƙi. Masu shan maganin asibiti mai suna clomipramine 42 cikin 100, masu yin horon da zan bayyana miki 62 cikin 100, waɗanda aka haɗa wa biyun 70 cikin 100. Homiyofati, tunda babu magani a cikinsa, a layin 8 ɗin nan yake. In kuwa ɗiga masa aka yi bai sani ba, ko wannan 8 ɗin babu, tunda ita yarda ce ke kawo ta. Labaran "wane ya sha ya warke" kuma suna da bayani: ciwon yana hawa yana sauka da kansa, yakan tsananta lokacin damuwa ya lafa bayanta, mutane kuma sukan nemi magani ne a lokacin da abin ya kai maƙura, sai lafawar da za ta zo dama a jingina ta ga kwalbar.

Batun cewa ba shi da illa, ga mai waswasi yana da ita. Masu ba da shi sukan haɗa da dokoki: kada a taɓa ƙwayar da hannu, kada a sha gahawa, a nisanci na'ana'a da kafur da turare mai ƙarfi, kada a ci komai na wani lokaci kafin sha da bayan sha. Ki duba wanda za a miƙa wa waɗannan dokokin, mutumin da tuni yake shakkar ko hannunsa ya tsarkaka. Cikin mako guda zai fara tambayarki ko ƙamshin turaren wutar da kika sa a falo ya ɓata maganin. Sannan a koyarwarsu, in ciwo ya ƙaru bayan an fara sha, alama ce wai magani yana aiki, sai a ce a ƙara haƙuri, wata uku ta zama shekara. Kwalbar da aka aiko daga waje babu rajista kuma babu mai tabbatar miki abin da ke ciki. A Amurka ma, a 2017, hukumar kula da magunguna ta samu gubar belladonna fiye da abin da aka rubuta a wasu ƙwayoyin homiyofati na haƙoran jarirai. Homiyofati na ruwa kuma, irin wanda ake ɗigawa, yawancinsa a cikin giya ake haɗa shi. Ki auna ranar da yaron da ke kwana yana wanke najasa zai gano cewa mahaifiyarsa tana ɗiga masa wannan a ruwan sha. Na ga masu irin ciwonsa da suka daina cin abincin gidansu a kan abin da bai kai haka ba.

Jinyar da ta fi ƙarfi horo ne da ake yi da masanin halayyar ɗan Adam. Likitoci suna taƙaita sunansa da ERP, a asibitocin nan kuma ki ce atta'arrud wa man'ul istijaba, za su gane. Victor Meyer ne ya fara gwada shi a Landan a 1966, lokacin da ake ganin ciwon ba ya jin magani. Mara lafiya da mai horon za su zauna su jera abubuwan da ke tayar masa da hankali, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Sai ya tunkari na ƙasa da gangan, ya kuma hana kansa aikin da ya saba yi. Misali ya taɓa mariƙin ƙofar banɗaki ya zauna bai wanke hannu ba. Fargaba za ta tashi, zuciya ta buga, gumi ya karyo, in ya daure sai ta sauka da kanta ba tare da wanki ba. Ya maimaita gobe da jibi har abin ya zama ba komai, sannan a hau mataki na gaba: alwala da ruwan kofi ɗaya, kowace gaɓa a wanke a wuce, babu komawa baya. Kabbara ɗaya, ko zuciya ta ce ba ta yi ba. Yawanci zama 12 zuwa 20 ne, da aikin gida kullum, kuma aikin gidan ya fi zaman muhimmanci. Da wahala, ba zan ɓoye miki ba. Makonnin farko sai ya ji kamar ana tura shi ga saɓo.

A nan ne malamanmu suke da babban amfani, domin fiƙihun da muka taso da shi ya riga likitoci faɗar wannan. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya wuce ta wurin da aka ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi sujada bayan sallama. Hukuncin mai waswasi daban yake da na sauran mutane: shi umarnin da aka ba shi shi ne ya yi watsi da shakkar. A Bukhari da Muslim, an kai wa Manzon Allah (SAW) ƙarar mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita masa a salla, ya ce kada ya fita sai ya ji sauti ko wari. Alwalarsa kuma da mudu guda yake yinta, mudunnabin nan da bai kai lita 1 ba. Idan har da munanan tunani game da Allah ko addini suke faɗo masa, waɗanda yake jin kunyar faɗa, sahabbai sun kai irin wannan kuka, aka ce musu ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ku samu malami ɗaya da yaron yake girmamawa, ya zauna da shi sau ɗaya, ya yanke masa iyaka: ga alwalar da ta wadatar, ga abin da ba za ka sake komawa kansa ba. Sau ɗaya na ce. Mai waswasi yakan mayar da neman fatawa wani sabon wanki, ya tambayi limamin unguwa, ya je Harami ya tambaya, ya dawo ya buɗe YouTube. Malamin da ya gane ciwon zai ce masa na riga na amsa maka, ba zan sake ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani ku ci gaba da su. Wanda za ku guje wa shi ne mai ruƙiyar da zai ce sihiri ne ko aljani, ya ɗora masa wanka bakwai da ruwan magarya, domin ya ƙara masa abin ƙirgawa ne, balle mai duka ko shaƙewa.

Maganin sha kuma, tunda tsoronsa ne ya kai ki ga homiyofati. Ana amfani da rukunin da ake kira SSRI, irin su fluoxetine, sertraline, fluvoxamine da escitalopram, sai tsohon magani clomipramine in waɗannan ba su yi ba. Ba sa bugarwa, ba sa mayar da mutum sususu, jiki kuma ba ya ƙishirwarsu kamar yadda yake yi wa kayan maye. Abin da ke faruwa shi ne in aka yanke su rana ɗaya mutum yakan ji jiri da rashin sukuni, shi ya sa ake saukewa a hankali. Wannan ciwo yana son adadi mai yawa fiye da ciwon damuwa. Fluoxetine da ake ba mai damuwa miligiram 20, mai OCD yakan kai 60, don haka kada ki firgita in kika ga likita yana ƙarawa. Yana kuma son haƙuri: sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukuncin ya yi ko bai yi ba. Mutane da yawa a mako na uku suke jefar da shi su ce ba ya aiki. In ya karɓe shi, akan ci gaba shekara 1 zuwa 2. Illolinsa na farko tashin zuciya ne, ciwon kai, canjin barci, wasu kuma raguwar sha'awa, wanda samari ba sa faɗa sai dai su daina sha a ɓoye, gara ya san zai iya gaya wa likita a canza. A sanar da likita in akwai wanda ya taɓa ciwon hawa da saukar yanayi a dangi. Kada a haɗa da ganyen St John's wort da ake sayarwa don damuwa, haɗin yana da haɗari. Xanax da 'yan'uwansa, ƙwayoyin kwantar da hankali nan take, kuma ba sa maganin OCD, su ne ma jiki ke kamuwa da su.

Saura abin da ya fi wuya, shekararsa 27. Ba za ki iya jinyarsa a madadinsa ba, horon nan kuma ba ya yiwuwa sai da yardar mai yinsa. Abin da ke hannunki shi ne abin da gidan yake yi wa ciwon. Ki lissafa da kanki: sau nawa a yini yake tambayarki "Umma, kin ga na wanke ƙafar hagu?" ki ce kin gani? Wa ke sayo Dettol ɗin? Ana wanke kayansa daban? An bar masa banɗaki ɗaya shi kaɗai, ƙannensa suna layi a ɗayan? Kusan kowane gida mai irin wannan mara lafiya yana yin haka, saboda tausayi da gudun rigima, kuma bincike ya nuna inda aka fi yi ciwon ya fi tsanani, jinya ta fi wuyar kamawa. Kowace "eh, ka wanke" da kika faɗa tana yi masa aikin da wankin yake yi.

Kada ki janye duka rana ɗaya, gidan zai kama da wuta. Ki zaɓi abu guda, ki sanar da shi tun kafin lokacin, sa'ad da hankalinsa yake kwance, ba yana bakin famfo ba. Ki ce masa kin san azabar da yake sha gaskiya ce, kin kuma gane amsar da kike ba shi tana ƙara wa ciwon ƙarfi, don haka daga ranar Asabar in ya tambaya za ki ce "wannan tambayar waswasi ce, na san za ka iya daurewa," ba za ki ƙara komai ba. Zai yi fushi, kwanakin farko tambayar ma za ta ƙaru. In kika tsaya, takan ragu. Mahaifinsa da ƙannensa su zama baki ɗaya da ke. Gori da tsawa da kashe masa ruwa daga waje ba sa haifar da komai sai ɓoyo. Tunda kuma ɗan fari ne, in alkunya ba za ta bar ki ki zauna ki yi wannan doguwar magana da shi ba, ki sa kawunsa ko wani yayan da yake sakewa da shi. Za a kuma ba ki shawarar a yi masa aure. Aure ba ya warkar da shi, sau da yawa ma waswasin komawa yake kan wankan janaba da shakkar ko ya furta saki. Ya fara jinya tukuna.

Wajen shawo kansa, ki bar kalmar asibitin mahaukata kwata-kwata. Ki fara da hannuwan, ai suna buƙatar likita da gaske, kuma likitan iyali a mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, yana iya buɗe maganar ya tura shi gaba. Yana iya kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ko ya yi amfani da manhajar Qareboon ta cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, daga ɗakinsa ba wanda ya gan shi. A Jidda akwai Mujamma'u Irada, asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na gwamnati, manyan asibitocin kuɗi kuma suna da sashen nafsiyya, wato na lafiyar ƙwaƙwalwa. In yana da igama da tamin, wato izinin zama da inshorar lafiya, ku duba takardar, inshorar dole ta ma'aikata tana ɗaukar jinyar ƙwaƙwalwa zuwa wani adadi. In takardu ne matsala, horon ERP yana yiwuwa ta bidiyo da ƙwararre a ko'ina yake, da Larabci ko Hausa, maganin sha ne dai sai da takardar likita. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin mara lafiya, ki gaya masa wannan, domin tsoron a ji a unguwa yana hana samari da yawa zuwa. Duk wanda za ku je wurinsa, ku tabbatar yana da rajista da hukumar tantance ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, sannan ku yi masa tambaya ɗaya: kana yin atta'arrud wa man'ul istijaba, kuma za ka ba shi aikin gida? In ya ce hira kawai za a riƙa yi a kan yarintarsa, ku nemi wani.

Idan shi da kansa ya nace sai ya gwada homiyofati, babba ne, ba sai an yi faɗa ba. Sharaɗin shi ne ya zama tare da jinyar asibiti, ya nuna wa likita kwalbar, kuma duk ranar da mai ba da shi ya ce a ajiye maganin asibiti, an gama da shi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran yardarsa. Mutumin da ya bar aiki ya shekara huɗu a wannan hali sau da yawa ciwon damuwa ya riga ya hau kansa, kuma haɗarin kashe kai ya fi yawa ga masu OCD fiye da sauran mutane. In kika ji yana cewa gara mutuwa, ko ya daina ci da sha saboda tsoron najasa, ko ya fara wanka da ruwan bilic irin su Clorox, ko ya rufe kansa a ɗaki kwana da kwanaki, ku kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, ko ku kira motar asibiti a 997. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma da yawa suna jiran wanda zai yi musu ita.